Takardar FBI daga Kano: dala 18, kati biyu da yatsun hunturu

Tun da na ambata a wani gurup ɗinmu na WhatsApp cewa na samu takardar FBI, wato ta hukumar binciken laifuka ta Amurka mai nuna ko an taɓa kama ka a can, ina zaune a Kano ba tare da na bi ta hannun ejan ba, mutane suka dame ni da tambaya, wannan ya kira wancan ya turo saƙon murya na minti bakwai, to na gaji da maimaitawa, bari in rubuta sau ɗaya kowa ya karanta. Wannan ra'ayina ne a kan sabis ɗin, abin da ya burge ni da abin da ya ci min rai.

Na yi digiri na biyu a Amurka, shekara biyu da 'yan watanni, na dawo gida. Da na shiga neman zama a Kanada ta tsarin Express Entry, hanyarsu ta ɗaukar ƙwararrun ma'aikata, sai ga sharaɗinsu, duk ƙasar da ka zauna wata shida a jere ko fiye a cikin shekara goma da suka wuce sai ka kawo takardar 'yan sandanta. Ta Najeriya daban, wannan ta POSSAP, shafin 'yan sandan Najeriya, ake nema kuma ba ita ce maganarmu yau ba. Ta Amurka kuwa ba wai ta ofishin 'yan sandan garin da ka zauna suke so ba, ta FBI suke so, wadda ake kira Identity History Summary. Kuma daga ranar da suka gayyace ka kwana 60 gare ka ka haɗa komai. Ni da wayona sai na bari har gayyatar ta zo kafin na fara, kada ka yi irin nawa don Allah.

Kuɗin dala 18 ne. Sha takwas kacal. Na faɗa da ƙarfi saboda wani ejan da aka haɗa ni da shi ya yanka min kuɗin da ya isa sayen ragon layya, wai yana da mutum a ciki. Wane mutum a ciki? Ofishin da ke wannan aiki yana can Clarksburg a jihar West Virginia, sashen FBI ne da ake kira CJIS, kai da kanka za ka shiga shafinsu edo.cjis.gov ka sa imel ɗinka, su turo maka mahaɗi da lambar sirri, ka cike fom ka biya da kati. Fom ɗin bai kai wahalar rajistar JAMB ba wallahi. Ka dai adana wannan imel ɗin da lambar kamar ranka, don da su za ka koma ka sauke sakamakon. Inda na ɗan sha wuya shi ne biyan, katin nairana ya ƙi wucewa har sau uku, bankin nawa ne da iyakar dalarsu, sai da wani abokina da ke da katin dala ya biya min na tura masa naira.

Sai maganar yatsu, don da zanen yatsunka suke binciken, kuma nan ne duk labarin yake.

Wanda ke cikin Amurka zai iya shiga wasu gidajen waya a ɗauki yatsunsa da na'ura a tura kai tsaye, ya biya ƙarin kuɗi, aiki ya yi sauri. Akwai kuma kamfanonin da FBI ta amince su shiga tsakani amma su 'yan ƙasa da masu girin kad suke yi wa. Mu da muke waje, kati za ka buga, a shafa maka tawada a dangwala, ka sa a ambulan ka aika har West Virginia. Katin ana kiransa FD-1164, tsohon da aka fi sani FD-258 shi ma kusan abu ɗaya ne, kuma za ka iya sauke shi ka buga a farar takarda. Akwatuna goma a sama, kowane yatsa da ɗakinsa, sai ƙasa inda za a dangwala yatsu huɗu na kowane hannu a tare, da manyan yatsu biyu. Amfanin na ƙasan shi ne a gane ko mai ɗauka ya juya lissafi, ya sa manuniyar dama a gurbin ta hagu, wanda yana faruwa fiye da yadda kake zato.

Abin kunyar shi ne ni na san wannan aikin. Lokacin ina ɗalibi aikin da na samu a cikin makaranta a ofishin 'yan sandan jami'a ne, a teburin gaba, ina karɓar waya, ina jera fayil, kuma ranakun Talata da Alhamis ɗaliban aikin jinya da masu koyon malanta suna zuwa a ɗauki yatsunsu kafin a tura su asibiti ko makarantun yara. Wata dattijuwa ce ta koya min, ta fi shekara ashirin a sashen ajiye bayanai, gilashinta rataye da sarƙa a wuya, ba ta da fara'a sosai amma ban taɓa ganin mai tsantseni irinta ba. Ita ta nuna min cewa yatsa mirgina shi ake daga gefen farce zuwa ɗaya gefen, sau ɗaya tak, ba a komawa baya, ba a dannawa. Ka tsaya a gefen mutum, ka riƙe yatsan, ka ce masa ya kalli bango ya saki hannunsa, don da zarar ya ce zai taimaka maka to ya ɓata. Manyan yatsu ana mirgina su zuwa wajen jiki, sauran kuma a mirgina su waje. Duk na san wannan. Amma mutum ba ya yi wa kansa aski, dole wani ne zai riƙe hannunka.

Wurin farko da na je, ba zan faɗi suna ba, yaron da ke ɗauka ya jawo irin kushin tawadar hatimi ɗin nan na ofis, mai ruwan shuɗi-shuɗi, ya kama yatsana ya danna kamar ranar zaɓe. Na ce malam ba haka ake ba, mirginawa ake. Ya kalle ni sama da ƙasa ya ce “Oga shekara nawa ina wannan aikin.” Na yi shiru, don gardama da mai riƙe da hatimi ba riba. Da na fito na ɗaga katin a rana sai na ga dunƙulen tawada goma kamar an ɗiga miyar kuka, ba layi ko ɗaya da ke fita. Zuciyata ta ce kada ka aika, amma kwanaki na tafiya, na ce bari in gwada sa'a. Kuɗin kamfanin aike ya ninka dala 18 ɗin nan sau da yawa. Bayan kati ya isa sai ga saƙo cewa zanen bai fito yadda za a iya bincike da shi ba, a sake. Ban ji haushinsu ba ko kaɗan, da ni ne a teburin nan ni ma mayarwa zan yi. Haushin kaina na ji, kusan sati uku sun tafi a banza.

Kuma ba yaron kaɗai ke da laifi ba, lokacin hunturu ne, tsakiyar Janairu, hannuna ya bushe ƙayau, fatar kan yatsun ta yi fari tana tsagewa, ga ni da wanke mota da omo duk Asabar. Busasshen yatsa ba ya riƙe tawada, tsagewar kuma tana fitowa kamar farin zare ta yanke layukan. Hajiyarmu da ta ji ina mita ta ce “Kai dai ka cika son wahala, ga man kaɗanya nan.” Kwana biyar ina shafawa safe da dare, da daddare har da safar hannu kamar amarya mai lalle, matata na ta yi min dariya, na daina taɓa omo. Ranar ɗauka kuma ban shafa komai ba, na wanke hannu da sabulu na bar shi ya bushe, don maiƙo shi ma ɓata zane yake. Mata masu yawan wanki da wanke-wanke, masu aikin siminti, teloli, tsofaffi, duk ku lura da wannan, zanen yatsunku ya fi saurin shafewa.

Karo na biyu na sayi tawada ta ainihi, baƙa ta ɗaukar yatsa, a wani shagon kayan ofis, na buga kati shida. Na samu wani jami'i babba a wani ofishin daban wanda da ganin yadda ya tsaya ka san an horar da shi, ya naɗe katin a bakin tebur yadda layin akwatunan zai zo daidai gefe, ya shafa tawada kaɗan, ya mirgina. Da ya ɗaga yatsana sai ga zanen ya fito ɓaro-ɓaro, har ɗan kusurwar nan mai kamar murhu da layuka uku ke haɗuwa a gefe, wadda dattijuwar nan ta ce in ba ta gan ta ba to ba a mirgina yatsan ya kai ba. Muka yi uku, na zaɓi biyu mafi kyau na aika tare, ya sa hannu ya sa kwanan wata a gurbin mai ɗauka. Na ce ranka ya daɗe Allah ya saka, ya ce ba komai, ai su a kwas da gilashi da abin mulmula tawada aka koya musu.

Wasu ƙananan abubuwa a katin da ke kayar da mutane. Kwanan wata irin na Amurka ne, wata kafin rana, wanda aka haifa 3 ga Oktoba zai rubuta 10 sannan 03, in ka juya ka zama ɗan Maris. Tsawo da ƙafa da inci, nauyi da fam ba kilo ba. Suna kamar yadda yake a fasfo, kuma a katin FD-258 akwai gurbin wasu sunayen da aka taɓa saninka da su, wannan ya shafe mu sosai, mutum ɗaya Muhammad a fasfo, Mohammed a takardar makaranta, Muhammadu a takardar haihuwa. Ka buga imel ɗin shaidar biyan kuɗi ka haɗa da katin, kada ka naɗe katin, ka sa shi tsakanin kwali biyu. Adireshin 1000 Custer Hollow Road ne, Clarksburg, amma ka kwafa daga imel ɗin da suka turo maka.

Wannan karon bayan kati ya isa ba a daɗe ba imel ya shigo, na shiga da lambar sirrina na sauke. Shafi ɗaya ne. Sunana, ranar da aka yi binciken, da jimla ɗaya da manyan baƙaƙe cewa ba a samu bayanin wani kamu a kaina a wurin FBI ba, sai sa hannu da tambari. Na zauna ina kallonta ina dariya, duk wannan man kaɗanyar saboda layi ɗaya. Na ɗora ta a shafin Kanada saura kwana tara wa'adi ya cika.

Yanzu abin da nake so mutane su gane, wanda ban gane ba sai da na zauna kusa da masu aikin. Takardar nan ba ta ce kai mutumin kirki ne ba. Cewa ta yi an ɗauki yatsunka an gwada da rumbun da suke da shi ba a samu wanda ya dace da su a fayil ɗin kamu ba. Shi ya sa suka nace a kan yatsa, don suna kowa zai iya canzawa, kuma John Smith nawa ne a Amurka, mu ma Abubakar Muhammad nawa ne a unguwa ɗaya. Rumbun tsoho ne, a 1924 aka kafa sashen zanen yatsu na FBI, zamanin shugabanta J. Edgar Hoover, aka haɗa katunan gidan yarin Leavenworth da na ƙungiyar shugabannin 'yan sanda, kimanin dubu 810, mutane na zaune da gilashin ƙara girma suna ƙirga layuka da ido. A 1999 kwamfuta ta karɓi aikin da tsarin IAFIS, a 2014 aka maye shi da NGI wanda ake amfani da shi yanzu. Kuma damar da kake da ita ta ganin fayil ɗinka da kanka tun 1973 take, wani umarnin ma'aikatar shari'arsu ne mai lamba 556-73. Wannan ya burge ni gaskiya, a ce kana Kano, ba ɗan ƙasarsu ba, ka biya kuɗin da ɗan Texas zai biya a ba ka abu ɗaya, ba wanda ya ce ka dawo gobe oga ba ya nan.

Amma FBI ba ita ke rubuta labarinka ba, ajiya kawai take. Ofishin 'yan sandan da ya kama mutum shi ke ɗaukar yatsu ya tura wa jiha, jiha ta tura sama. Daga baya kotu ta yanke, ko an kori ƙarar, ko an sassauta tuhumar, ko an same shi da laifi, to wannan sakamakon shi ma sai wani ya zauna ya shigar ya haɗa shi da kamun farko. Aikin dattijuwar nan kenan rabin yininta. Za ka gan ta da tarin takardu, waya a maƙale a kafaɗa, tana bin magatakardan kotu tana tambayar me ya faru da shari'ar wane, lambar kamu kaza. Kamu yana shiga da gudu saboda na'ura ce ke turawa a daren, sakamako kuma da rarrafe yake zuwa, wani lokaci ma ba ya zuwa. Ta taɓa ce min fayil mai kamu ba sakamako ya fi cutar da mutum a kan wanda aka rubuta ƙaramin hukunci ƙarara, don mai karantawa mafi muni zai zata. Kuma aikin ba wasa, duk wanda ya buɗe fayil kwamfuta na rubuta sunansa da lokaci da dalili, masu bincike na zuwa su duba, leƙa fayil ɗin maƙwabci ko saurayin 'yarka don son sani kawai yana iya cin aikinka har ya kai ka kotu. Ni ɗalibi ko kusa da wannan allon ba a bari na, fayil ɗin takarda da tawada ne iyakata.

Na ga misalin maganarta a kan wani abokina da muka yi karatu tare, ɗan Afirka ta Yamma ne shi ma. An taɓa tsayar da shi da mota aka ce an dakatar da lasisinsa saboda wata tara da bai ma san da ita ba, takardar ta je tsohon gidansa. Ya kwana ɗaya a rufe, aka ɗauki yatsu, ya biya tarar, alƙali ya kori maganar, ya manta da ita. Shekaru bayan nan ya nemi irin takardata, tasa ta zo shafi biyu, ga kamu ga tuhuma ga kwanan wata, gurbin sakamako kuma wayam. Ya kira ni murya na rawa. Abin da ya yi shi ne ya rubuta wa kotun ƙaramar hukumar ya biya 'yan daloli aka ba shi kwafin hukuncin mai hatimi, ya tura wa FBI ƙorafi ta wannan shafin dai, kuma ƙorafin kyauta ne ba a biyan ko sisi. Su kuma suka tuntuɓi inda bayanin ya fito kafin su gyara, don ba sa canza abin da ba su suka rubuta ba sai mai shi ya tabbatar. Ya ɗau lokaci amma an gyara. Kamun bai ɓace ba fa, yana nan, sai dai yanzu an rubuta a ƙasansa cewa an kori ƙarar. Gogewa gaba ɗaya wata shari'a ce daban a kotun jihar. Don haka in ka san an taɓa shafa maka tawada a ofishin 'yan sanda a can, ko da kwana ɗaya ne, ka nemi takardar kotun tun kafin ka nemi ta FBI, kuma kada ka ce a fom ɗin biza ba a taɓa kama ka ba. Tikitin gudu da mota da ka biya ba a kai ka ofis ba, wannan yawanci ba ya fitowa, ni ina da guda ɗaya kuma tawa ta zo fes.

Abin da zan so a ce akwai shi ne hanyar da mu na waje za mu ɗauki yatsu da na'ura a wani wuri amintacce a tura kai tsaye, don abin dariya ne a ce kuɗin ambulan ya fi kuɗin aikin nesa ba kusa ba, kuma kuskure ɗaya na mai tawada ya sa ka sake biyan jirgi. Shafin kuma Turanci ne irin na gwamnati, a bushe, wanda bai saba ba zai so wani ya zauna kusa da shi. Sannan ka tambayi inda za ka kai takardar ko suna son ƙarin tantancewa daga ma'aikatar harkokin wajen Amurka, wasu ƙasashen suna nema kuma wannan layi ne daban da kuɗinsa daban, ni dai Kanada ta karɓi tawa yadda na sauke ta.

In maki ne, sabis ɗin kansa huɗu da rabi cikin biyar, rabin da na cire na wahalar aike ne. Yaron mai kushin hatimi sifili. Ejan mai mutum a ciki ko sifilin ma bai samu ba, har yau yana turo min gaisuwar Juma'a. Ragowar tawadar tana nan a durowata tare da kati uku da ban taɓa ba, mutum biyu sun riga sun ara sun dawo da ita, na ukun ya ce zai zo bayan la'asar, na ce masa ya fara shafa man kaɗanya tukuna ya zo ranar Laraba.